Me Ya Sa Motata Take Rawa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Girgizar Mota

Waɗannan tambayoyi ne da masu mota suke yawan maimaitawa a gareji, a wurin masu faci, da kuma a tasha idan direbobi sun zauna hira. An fara da na sama-sama, sannan aka gangara zuwa masu zurfi. Yawancin bayanin ya shafi ƙananan motocin da suka cika titunanmu, irin su Corolla, Camry, Accord da Golf. Inda Hilux da Hiace suka bambanta, an faɗa.

Motata ta fara rawa. Daga ina zan fara bincike?

Kada ka fara da sayen kaya, fara da lura. Rawar mota tana da lokacinta, tana kuma da wurin da take fitowa. Tana zuwa ne mota na tsaye inji na aiki, ko sai ana tafiya? Idan a tafiya ne, a wane gudu take farawa, kuma tana lafawa idan ka wuce wannan gudun? Tana zuwa ne idan ka taka birki, ko idan ka ba ta wuta, ko a kwana? Sannan a ina kake jinta: a hannunka kan sitiyari, a kujera, ko a ƙafarka kan birki?

Sai ka tuna abin da ya faru kafin ta fara. Ka faɗa rami? An cire taya an yi faci? An canza birki? Ka sha mai a wurin da ba ka saba ba? Rawar da ta bayyana dare ɗaya yawanci tana da abin da ya jawo ta a kwanakin. Wanda ya shiga gareji ya ce "tana rawa kawai" ya buɗe wa bakanike ƙofar shaci-faɗi, kuma kowane shaci-faɗi daga aljihunsa za a biya. Wanda kuwa ya ce "sitiyari ne yake kaɗawa daga 90 zuwa 110, idan na wuce haka sai ta lafa" ya riga ya nuna masa taya.

Ta yaya zan gane ko daga inji ne ko daga taya?

Tsayar da motar, ja birkin hannu, saka ta a firi ko a P, sannan ka taka totur a hankali inji ya ɗaga. Idan rawar ta bayyana alhali tayoyi ba sa juyawa, to babu ruwan taya, wili, birki ko shaf (sandar da take kai juyi daga giya zuwa taya). Matsalar tana inji ko robobin da suke riƙe da shi, kuma amsar da ke ƙasa kan rawar mota a tsaye ita ce taka.

Idan a tsaye shiru take, sai a gwada a hanya. A kan titi miƙaƙƙe wanda babu cunkoso, kai gudun da rawar take zuwa, sannan ka ɗaga ƙafa daga totur. Idan manuwal ce, taka kuloci inji ya sauka. Rawar da ta ci gaba ba tare da ta ragu ba tana bin gudun mota ne, wato taya, wili ko boris (zoben ƙarfe da wili yake juyawa a kansa). Wadda ta ɓace da zarar ka ɗaga ƙafa tana bin ƙarfin inji, kuma shaf ne ake fara zargi. Kada ka kashe inji a wannan gwajin, domin birki da sitiyari za su yi tauri.

Wace irin rawa ce ta wajaba in tsaya nan take?

Wadda ta zo kwatsam kuma take ƙaruwa kana tafiya. Haka nan idan ta haɗu da ƙarar ƙwanƙwasa daga wajen taya, ko motar ta fara fizgar sitiyari gefe guda, ko ka ji warin ƙuna. Sauka gefen hanya ka duba abu uku: notocin taya, jikin tayoyin ko akwai kumburi, da zafin wili. Notocin da suka kwance su ne mafi haɗari, kuma sun fi faruwa jim kaɗan bayan an cire taya an mayar. Idan wili ɗaya ya fi sauran zafi sosai, birki ne ya riƙe ko boris ya ƙone. Kusantar da hannu kawai, kada ka dafa.

Sitiyari yana kaɗawa idan na hau babban titi, amma a cikin gari lafiya ƙalau. Mene ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, amsarta kuma ita ce mafi araha: balansin. Babu tayar da nauyinta ya rabu daidai a duk zagayenta, shi ya sa ake maƙala 'yan ƙananan dalma a bakin wili don a cike giɓin. Idan dalma ɗaya ta faɗi, ko taya ta cinye ta gefe, ɓangare mai nauyi sai ya riƙa jan tayar sama da ƙasa. Taya mai lamba 195/65 R15, irin ta Corolla da yawa, zagayenta kusan mita 2 ne, saboda haka a gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya. Giram 20 ko 30 na rashin daidaito ba komai ba ne a tafin hannu, amma a wannan juyin za ka ji shi har kafaɗa.

Alamarta ita ce tana da iyaka: ta kan fara wajen 80, ta yi ƙarfi wajen 100 zuwa 110, wani lokaci ta ragu idan an wuce. Idan a sitiyari kake ji, tayoyin gaba ne. Idan a kujera da ƙasan mota ne, na baya. A sa a yi duka huɗu, a cire tsofaffin dalma tukuna, kuma ka tsaya ka ga injin balansin ya nuna sifili a ɓangarorin biyu kafin a sauke tayar.

Da damina ka fara leƙa cikin wili kafin ka biya kuɗin komai. Taɓon da ya bushe a ciki bayan an bi hanyar ƙauye yana ɓata balansin sarai, kuma wanki kawai yake so.

An yi balansin amma rawar tana nan. An cuce ni ne?

Ba lalle ba. Injin balansin nauyi yake gyarawa, ba siffa ba. Wilin da ya lanƙwashe a rami, ko tayar da ta daina zama zagayayya, za su iya nuna sifili a kan inji kuma su yi ta rawa a titi. Ka ce a juya tayar a hankali tana kan injin, ka zuba ido kan bakin wili, musamman na ciki da ba a gani idan yana jikin mota, da kuma saman tayar. Idan ka ga suna hawa da sauka ko suna kai-komo gefe, ka samo dalili. Wilin ƙarfe ana iya buga shi ya miƙe. Na alminiyam da ya tsage, canji ya fi walda.

Gwajin da ba ya cin kuɗi shi ne musanya: a kai tayoyin gaba baya, na baya su dawo gaba. Idan rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, laifin yana cikin waɗancan tayoyin biyu. Idan ba ta motsa daga inda take ba, a bar tayoyi su huta, a koma kan ƙafar mota da shaf. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ake mantawa: tsatsa ko yashi a fuskar da wili yake zama, ruwa da ya shiga cikin taya daga injin iska, da wilin kwalliya wanda ramin tsakiyarsa ya fi na motar faɗi, ya zama bai zauna a tsakiya ba.

Motar tana ɗingishi a ƙaramin gudu, kamar 20 zuwa 40, sitiyari na kai-komo a hankali.

Wannan ba balansin ba ne, domin rashin balansin ba ya nuna kansa a wannan gudun. Mafi yawan lokuta wayar cikin taya ce ta rabu da roba, tayar ta kumbura ko ta karkace. Ɗaga motar a jak, juya kowace taya da hannu kana kallonta daga gaba, sannan ka shafa samanta a hankali, domin wayar da ta fito tana yanka. Tayar da ta yi ƙulu ba ta da gyara, kuma mayar da ita baya ba magani ba ne. Ita ce take fashewa a kan kwalta mai zafi cikin watan Afrilu, mota cike da kaya.

Idan mota ta daɗe a ajiye wuri ɗaya, ƙasan tayoyin kan ɗan baje, ta yi irin wannan ɗingishin da farko. Wannan yakan wuce bayan 'yan kilomitoci idan tayoyi sun ɗumama. Wanda bai wuce ba, a duba shi kamar yadda aka faɗa.

Tayoyin Beljiyam na saya, zanensu da kyau. Za su iya zama dalili?

Ƙwarai kuwa. Zane yana nuna yawan robar da ta rage ne, ba ya nuna shekaru ko dukan da tayar ta sha. Da yawa ana shigo da su ne an cusa ɗaya cikin ɗaya don a rage wuri, kuma wannan matsi yana lalata waya da bakin taya. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma idan aljihu bai kai sabuwa ba, aƙalla a karanta shekarunta. A gefen taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara idan ta yi shekara 5 ana aiki da ita, a kuma canza ta idan ta kai 10 komai kyawun zanenta. A zafinmu da ramukanmu, jiran goma ganganci ne. Kafin a biya, a sa ta a wili, a hura, a juya ta a inji ka gani da idonka.

Bakanike ya ce in yi alayimin, wato saita tayoyi su miƙe daidai. Zai kawar da rawar?

Da wuya. Alamar rashin alayimin ita ce mota ta riƙa ja gefe, sitiyari ya karkace alhali kana tafiya miƙe, ko taya ta cinye ta baki ɗaya. Shi kansa ba ya kawo rawa, sai dai ya cinye taya ta hanyar da daga baya za ta yi rawa. Kuma yin alayimin a kan tayarod (sandar da take haɗa sitiyari da taya) ko bushin (robar mahaɗin ƙafar mota) da ya mutu zubar da kuɗi ne, domin saitin zai gudu a ramin farko. A gyara ƙafa tukuna, kamar yadda aka yi bayani a amsar ƙugi da ƙwanƙwasa da ke ƙasa, alayimin ya zo ƙarshe.

Sai na taka birki take rawa, musamman daga babban gudu.

Diskin birki ne. Kanikawa kan ce ya lanƙwashe, amma sau da yawa kaurinsa ne ya bambanta daga wuri zuwa wuri, sai fad ya riƙa kamawa yana saki. Idan sitiyari ne yake kaɗawa, na gaba ne. Idan a ƙafa da kujera kake ji, a duba na baya, ko diski ne ko dirom. Abubuwan da suke jawo shi: zafi mai yawa daga riƙe birki a doguwar gangara, kalifa (abin da yake matse fad a kan diski) da ta maƙale, datti a bayan diski lokacin ɗaurawa, da ɗaure notocin taya ba bisa ƙa'ida ba.

Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa. Yaron mai faci da yake hawa kan sifana da ƙafa yana tsalle ba taimakonka yake yi ba. Notocin Corolla da Camry ƙarfin ɗaurinsu wajen Nm 103 ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, abin da hannu yake iya yi da sifanar mota. A ɗaure su a tsallake, wannan sannan na daura da shi, ba a jere ba, kuma a sake gwada su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Game da gyara, ana iya goge diski a inji idan yana da sauran kauri. Mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a rubuce yake a jikinsa. Idan ya kai nan, a canza biyu tare, da sabon fad.

Kada ka rikita wannan da ABS, na'urar da take hana tayoyi kullewa a birki. Idan ka danne birki da ƙarfi a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi ka ji yana bugun ƙafarka da sauri, aikinsa yake yi. Ci gaba da dannewa.

Tana rawa idan na ba ta wuta ko ina hawan tudu, in na ɗaga ƙafa sai ta daina.

A motar da tayoyin gaba suke ja, wannan alamar kan shaf na ciki ne, wanda yake wajen giyabos. Yawanci robarsa ce take yagewa, giris ya fice, yashi ya shiga. Leƙa ƙasa ka ga ko akwai baƙin giris da ya fantsama kewaye da wurin. Kan shaf na waje alamarsa daban: ƙas-ƙas-ƙas idan ka karya sitiyari gaba ɗaya kana tafiya a hankali. Robar da aka canza da wuri tana ceton shaf ɗin, kuma kuɗinta bai kai kusa da nasa ba.

A Hilux, Hiace da tsofaffin motocin da baya ke ja, farfela ake dubawa, wato doguwar sandar da take kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya: kuros ɗinta da boris ɗin tsakiya. Alamar ita ce gurnani a ƙasan kujera da ke ƙaruwa da gudu, da "gam" idan an saka giya ko ribas. Idan za a sauke farfela, a yi mata alama da alli ko fenti a mayar da ita yadda take, domin juya ta kawai yana iya haifar da rawar da babu ita a da.

A tsaye take rawa, musamman a danja, kuma tana ƙaruwa idan na kunna AC.

Abu biyu ne, kuma raba su yana da sauƙi. Na farko injin sit, wato robobin da suke ɗauke da inji da giyabos. Idan sun mutu, injin yana tafiya lafiya, sautinsa daidai, amma girgizarsa tana shiga jikin mota. A otomatik za ka ga ta fi ƙarfi a D ko R kana riƙe da birki, ta ragu a N. Buɗe bonet, wani ya riƙe birki sosai ya saka giya, kai kuma ka tsaya a gefe, ba a gaban motar ba. Injin da ya yi tsalle ko ya karkata da yawa ya nuna robar da ta yanke. Sit na jabu yana da tauri, wani ma ya fi tsohon da aka cire kawo rawa.

Na biyu misin, wato silinda ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Nan za ka ji sautin salansa yana yankewa, allurar inji tana rawa, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Fulogi, koyil, nozul ko tiyon iska da ya tsage su ne ake bi. Idan silo, wato juyin inji a tsaye, shi ne kawai ya yi ƙasa ba tare da misin ba, wanke maƙogwaron totur yakan isa.

Wutar cek injin tana ƙyaftawa tare da rawar. Zan iya ci gaba da tafiya?

Wadda ta tsaya a kunne tana ba ka lokaci ka kai gareji. Wadda take ƙyaftawa tana nufin misin mai tsanani: ɗanyen mai yana wucewa salansa yana ƙona katalis, wanda kanikawa ke kira indomi, kuma yana da tsada. Rage gudu, kada ka matsa mata, ka nemi mai kwamfuta. Lamba P0300 na nufin misin a silinda daban-daban, P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. Lambar ba ta ce "sayi koyil" ba, wuri kawai ta nuna. A musanya koyil ɗin wannan silindar da na maƙwabciyarta. Idan lambar ta bi shi, shi ne mai laifi. Idan kuma abin ya fara ne bayan ka sha man 'yan bumburutu ko na gidan man da tankinsa ya sha ruwan sama, a fara da duba man.

Ba rawa ba ce sosai, motar ce take jin kowane rami, ko ta yi ta lilo bayan ta hau tudun rage gudu.

Waɗannan matsaloli biyu ne mabambanta. Lilo alamar shokazoba da ta mutu ce: mota ta duƙa gaba a birki, ta kwanta a kwana, bayanta ya yi ta sama da ƙasa. Danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. Ya kamata ta tashi ta zauna. Idan ta ƙara lilo biyu ko uku, ko ka ga mai ya jiƙa jikin shokazobar, ta gama aiki. Wata shaidar tana kan taya: cinyewa wuri-wuri, kwari da tudu a zagayenta. Irin wannan tayar za ta ci gaba da ƙugi ko bayan an sa sabuwar shokazoba. Ana canza su biyu-biyu, dama da hagu.

Tauri kuwa, sau da yawa iska ce ta yi yawa, sai a duba amsa ta gaba. Wili babba da siririyar taya ma yana kawo shi, domin robar gefe da take shanye duka ta ragu, kuma irinsu ne suka fi lanƙwashewa a rami. Haka nan sifirin da ya karye ko ya kwanta saboda lodi, ko wanda aka cusa wa roba don a ɗaga mota.

Iska nawa ya kamata in sa?

Abin da kamfanin motar ya rubuta, ba abin da mai faci ya saba ba. Takardar tana jikin ginshiƙin ƙofar direba, a wasu motocin Turai kuma a murfin tankin mai. Ƙananan motoci yawanci tsakanin psi 30 zuwa 35 suke, wato wajen 2.1 zuwa 2.4 a ma'aunin bar. Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51, iyakar iskar da tayar take ɗauka ce, ba abin da ake tafiya da shi ba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, kuma kada a rage iska daga taya mai zafi don an ga geji ya hau. Ka mallaki gejinka, domin na bakin titi da yawa sun daina faɗin gaskiya.

Ina jin ƙugi da ke ƙaruwa da gudu, wani lokaci da ƙwanƙwasa a kan gargada.

Ƙugin da yake canzawa idan ka ɗan karkata sitiyari dama ko hagu boris ne. Yawanci yana ƙaruwa idan nauyi ya koma kansa, wato na dama ya fi kuka idan ka karkata hagu, amma a tabbatar a kan jak kafin a saya. Ƙugin da ba ya canzawa da kwana, amma yake canzawa da irin kwaltar, taya ce.

Ga yadda ake gwada ƙafa. A ɗaga mota a tokare ta da kyau. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza: motsi a nan boris ne ko bol join. Kama ta dama da hagu: motsi a nan tayarod ne ko rak ɗin sitiyari. Bushin ana duba shi da ido da ɗan ƙarfe, a ga ko ya tsage. Ƙwanƙwasa mai sauƙi a kan gargada sau da yawa linkej ne, wanda ba shi da tsada. Idan an rubuto maka dogon jerin kayan ƙafa ka je Kofar Ruwa ko Panteka ka sayo, ce a nuna maka motsin kowane ɗaya da hannunka. Bol join da tayarod ba a jinkirta su, domin idan suka cire, taya ce take kwanciya ana cikin tafiya.

Za ta iya zama daga giya?

Tana iya zama, amma ita ce ta ƙarshe da ake zargi. A manuwal, rawar da take zuwa daidai lokacin da kake sakin kuloci za ka tashi, ta ɓace da zarar mota ta miƙe, daga kuloci ne: ko ya ƙone, ko baƙin mai yana ɗiga a kansa. A duba injin sit tukuna, domin yana ba da irin wannan alamar kuma ba sai an sauke giyabos ba.

A otomatik, alamar ita ce ɗan karkarwa na daƙiƙa biyu ko uku tsakanin gudun 40 zuwa 70, kana taka totur kaɗan-kaɗan, wanda yake ɓacewa idan ka ƙara wuta ko ka ɗaga ƙafa. Wannan daga kombata ne, wato abin da yake haɗa inji da giya a otomatik, lokacin da take ƙoƙarin kullewa. A fara da duba man giya: yawansa, launinsa, warinsa, da kuma irin wanda aka zuba. Sababbin Toyota da yawa WS suke sha, Honda kuma DW-1, masu giyar CVT nasu daban ne, kuma jan man da ake zuba wa kowace mota a bakin titi ba ya maye gurbinsu. Misin mai sauƙi yana kama da wannan karkarwar sosai, saboda haka a sa kwamfuta a duba fulogi da koyil kafin kowa ya taɓa noti ɗaya a jikin giyabos.